Ina Goge Fitsarin Kwikwiyo a Ɓoye Don Kada 'Yata Ta Tafi

Assalamu alaikum Hajiya Adisa,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ba zan iya kai shi gaban matan masallacinmu ba. Rabinsu za su yi dariya, sauran su yi salati, kuma kafin Juma'a ta zagayo labarin ya haye ruwa ya isa Harlem. Ki sakaya sunana. Ni 'yar Kumasi ce, na haura shekara ashirin da biyar a ƙasar nan. Muna zaune a Tompkinsville ni da maigidana, a saman wani gida mai hawa biyu. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, daga azahar zuwa yamma, saboda haka kada ki ɗauka ƙyama ce ta sa na rubuto. Hannun nan nawa ya wanke abin da ya fi fitsarin kwikwiyo.

E, kwikwiyo na ce, kuma a cikin gidana. Ni da ko karen maƙwabta na hango sai na tsallaka titi.

'Yata ta fari ce ta kawo shi. Tun da ta gama makaranta ta sami aiki a wani kantin magani a Manhattan, ta tattara ta koma Flatbush wajen ƙawayenta. Shekara shida ba ma ganinta sai da Sallah. Ta zo fes da ita, ta gaishe mu da ladabi kamar baƙuwa, ta ci abinci, ta duba waya, kafin magariba ta ce za ta kama feri, jirgin ruwan da ke haye da mutane. Ba faɗa muka yi ba. Da faɗa ne ma da sauƙi, sai a nemo dattijo ya sasanta mu.

Kin san yadda aka rene mu game da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta shi. Sai dai in ce ke, ko in aiki ƙaninta Latif ya kira mini yayarsa. Shi kuwa Latif sau goma nake kiransa a wuni, in ja kunnensa, in shafa kansa a gaban kowa. Mahaifiyata ma ba ta taɓa kiran nawa sunan ba har ta koma ga Allah, amma ban taɓa shakkar tana sona ba, domin na sha tarar da tsokar nama a ɓoye a ƙarƙashin tuwona. Ni ma haka na yi wa tawa. Sai da Latif zai tafi jami'a ya gaya mini cewa yayarsa ta taɓa ce masa ita ta san Mma haƙuri kawai take yi da ita. Ranar na shiga banɗaki na sake ruwa don kada a ji ni.

To, da sanyin bana ya fara shigowa sai ga ta da akwatuna biyu da wani kwali da aka huda masa kafofi. Ƙawar da suke zama tare ta yi aure. Akwai wata ƙawar tata, Abena, mai ɗaki a Flatbush ɗin, amma mai gidan hayarsu ba ya karɓar karen da bai koyi yin bayan gida a waje ba. 'Yar tawa ta ce za ta ɗan zauna da mu kafin ya koya. Kwikwiyon da ke cikin kwalin ja ne, kunnuwansa sun fi kansa girma, lokacin bai wuce wata biyu ba. Sunansa Kuli, wai don launinsa irin na ƙuli-ƙuli ne. Yarinyar da in ka yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, ita ce ta zauna ta nemo wa karenta sunan Hausa. Abin ya daɗe a raina.

Maigidana ya dubi kwalin, ya dube ta, ya shige ɗaki. Da ya fito sai ya kafa sharaɗi: karen ba zai taka falo ba, domin nan yake salla idan sanyi ya hana shi zuwa masallaci, kuma ranar da ya ga ƙazanta a cikin gidan nan, ranar karen zai fita. Ta amsa masa a natse cewa ta yarda, amma ya sani duk ranar da Kuli ya fita tare za su fita. Halinsu ɗaya ita da uban, ba mai janye magana.

Shi tasi yake tuƙawa, da an yi asuba ya tafi. Ita kuma ta sauko da karen ya ɗan zaga, ta mayar da shi kicin ta ja ɗan shingen da ta saya, ta ruga ta kama feri. Daga nan sai ni da shi. Hajiya, kukan da yake yi a bayan shingen nan irin na jariri ne, ba uwar da za ta iya shan koko tana jin sa. Sai in buɗe masa. Ba na taɓa shi, da sandar goge ƙasa nake tura shi gefe, amma duk inda na sa ƙafa yana nan. Hausa nake yi masa, kuma wallahi ya fi 'ya'yana ji.

Fitsarin farko a bakin ƙofar banɗaki ya yi. Na tsaya a kansa zuciyata ta tsinke, kuma ba najasar ce ta tsinka ta ba, akwatunan yarinyar nan na hango suna sauka daga bene. Na ɗauko tsumma da ruwan zafi da bilic, wato ruwan farar da kaya, da wani ruwan goge gilashi mai warin da ke hawa ka, na dirje har gwiwoyina suka sage. Washegari ya koma daidai wurin. Na sake dirjewa, ya sake komawa. Ran nan haushi ya kama ni na ɗaka masa silifa. Tun daga ranar ya daina yi a gabana, sai ya laɓaɓa bayan kujera ko ƙarƙashin gado, sai hancina ya kai ni. Yanzu aikina ke nan kullum kafin in tafi aikin da ake biyana: in bi gida da rarrafe ina shinshina kafet, mace mai shekara hamsin da ɗoriya.

Turaren wuta kuwa na ƙona wanda aka kawo mini daga gida har ya ƙare, na sayi wani. Sau biyu na'urar hayaƙi ta ɗauki kururuwa, har matar da ke ƙasa ta hauro da waya a hannu za ta kira 'yan kwana-kwana. Maigidan ya tambaye ni ko baƙi muke jira kullum. Bilic ɗin ya cinye launin kafet ya bar fararen tabo, na ja tebur na rufe ɗaya, na ja kwandon takalma na rufe wani, na sayo tukunyar fure da ba na so na rufe na uku. Ran nan maigidan ya yi tuntuɓe da teburin zai fita, ya ce kayan gidan nan sun fara yawo da ƙafarsu.

Abin da ya fi hana ni sakewa shi ne sau biyu ya yi a falo, kusa da inda malam yake shimfiɗa darduma. Na wanke, na sake wankewa, na kwarara ruwa har na ji tsoron ya ɗigo wa na ƙasa ta silin. Duk da haka idan na ga bawan Allahn nan ya kai goshinsa ƙasa sai in ji na ci amanarsa.

Za ki ce me ya sa nake wahalar da kaina. Bari in gaya miki. Idan na dawo da yamma nakan tarar da takalmanta a bakin ƙofa, jiƙe da dusar ƙanƙara, in tsaya ina kallonsu kafin in sa makulli. Na koma auna shinkafa da wake na mutum uku. Ina girki sai ta shigo kicin ta zauna a ƙasa, ta ɗora Kuli a cinya, ta fara ba shi labarin wuninta da Turanci: wane kwastoma ya yi mata rashin kunya, ƙafafunta na ciwo, tana tunanin komawa karatu. Na san ba kare take gaya wa ba. Ni ma sai in dubi tukunya in ce wa Kuli ya gaya wa uwar ɗakinsa ta jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi da gishiri, kuma karatu ba ya tsufa. Sai ta yi dariya. A wata biyun nan na san 'yata fiye da yadda na san ta a shekara shida, duk ta bakin karen da ba na iya taɓawa.

Yanzu ga inda na maƙale. Tun da ba ta taɓa ganin komai a ƙasa ba, ta ɗauka ya riga ya koya. Tana yi wa Abena alfahari a waya cewa karenta mai basira ne, har ta rage saukar da shi da safe, wai yana iya riƙewa. Makon jiya na ji suna maganar zuwa ganin mai gidan hayar a ƙarshen wata. Idan na yi shiru za ta ɗauke shi ta tafi. Idan na faɗa, uban zai cika maganarsa, ita ma ta cika tata. Wani lokaci har raina yakan raya mini in gaya mata ita kaɗai, sannan in yi ta addu'a kada karen nan ya taɓa koyo. Na san wannan ba addu'ar kirki ba ce.

Hajiya, da me zan wanke kafet ɗin ya daina komawa? Yaya ake koya wa dabbar nan? In gaya wa maigidan ko in bari? Ni dai ba na so in koma auna shinkafar mutum biyu.

Taki,
Wata uwa a Tompkinsville

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa,

Na yi dariya a wurin na'urar hayaƙi, ki yafe mini, amma kafin in kai ƙarshen takardarki sai da na cire tabarau na goge ido. Bari mu fara da abin da ba ya jira.

Ki raba bilic da ruwan goge gilashin nan tun yau. Irin mai warin da kika kwatanta yana da amoniya, kuma haɗuwarsa da bilic tana fitar da iska mai guba, balle a gidan da aka rufe tagogi saboda sanyi. Ko bilic shi kaɗai a kan ɗanyen fitsari ba shi da kyau ga ƙirji. Ban da haka, warin amoniya a hancin kare ɗan'uwan warin fitsari ne, wato duk dirzar da kike yi alama kike sa masa cewa nan ne wurin. Ki je shagon kayan dabbobi ki nemi ruwan wanke fitsari mai enzayim, wato sinadarin da ke cinye warin. Idan ya yi, ki danna takardar goge hannu ko tsohon tawul a kai ya tsotse, kada ki dirje. Ki zuba ruwa mai sanyi ki sake tsotsewa, sannan ki jiƙa wurin sharkaf da maganin, ki bar shi gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ya bushe da kansa. Ruwan zafi kafe warin yake yi. Tsofaffin wuraren da kika rufe da tebur da tukunyar fure, ki buɗe su ki yi musu haka, wataƙila fiye da sau ɗaya. Idan warin ya ƙi, to ya ratsa zuwa soson da ke ƙarƙashin kafet, sai an canza wannan yankin. Turare kuwa ki bar shi don jin daɗinku, hancin Kuli ba ya ruɗuwa da shi.

Kuli ba taurin kai yake yi ba. Ɗan wata huɗu ba ya iya riƙe fitsari daga safe har yamma, awa uku zuwa huɗu ne iyakarsa. Yana bukatar fita da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa, kullum zuwa wuri ɗaya a waje. Da ya tsuguna ya gama, nan take a yaba masa a ba shi ɗan abin taunawa, ba sai an hauro bene ba. Gidanku ma ya riga ya saba da tsarin da ake bukata: ku ɗaura fitarsa da lokutan salla, ku ƙara ɗaya da hantsi, a daidaita lokacin abincinsa. Sa'o'in da ba kowa a gida a samo wanda zai leƙo ya sauko da shi. Tsakanin fita da fita ko dai yana gaban idon mutum, ko yana cikin keji daidai jikinsa, domin kare ba ya son ɓata makwancinsa. Zai yi kuka kwanakin farko, ki daure, wani tsohon mayafi mai ƙanshin uwar ɗakinsa yana rage masa. Silifa kuma ki mayar da ita ƙafarki. Abin da ta koya masa kawai shi ne ya ɓoye miki. Idan kika kama shi yana cikin yi, ki tafa hannu sau ɗaya a fita da shi, idan kuma ya riga ya gama, faɗa ba shi da amfani. In kuka ga yana ɗiga kaɗan-kaɗan a kai a kai, ku kai shi wurin likitan dabbobi.

Kin lura na daina cewa ke, na koma cewa ku. Karen nan ba naki ba ne. 'Yarki babba ce mai aikin yi, ita ta ɗauko shi, kuma rufin asirin da kike yi mata yana shirin tona ta a inda ba ki nan. Ki yi tunanin ta kai shi Flatbush da tabbacin ya koya, ya jiƙa wa mutane ƙasa a makon farko. Ita za ki fara gaya wa. Ki ɗage teburin nan ki nuna mata da idonta. Za ta ji kunya, wataƙila ta ji haushi an bar ta tana alfahari, ki bar ta ta ji. Bayan haka za ta tambayi kanta wace ce ta yi wata biyu a durƙushe, kuma don me.

Maigidanki yana da gaskiya, kada son 'ya ya rufe miki wannan. Haƙƙinsa ne ya san inda yake sa goshinsa, kuma nauyin da kike ji ba zai sauka da yawan ruwa ba. Ku same shi ke da ita, bayan ya ci ya huta, ku zo da tsari a hannu: falo a rufe, keji ya shigo, ga lokutan fita, ga wanda zai yi kowanne, a ba karen wa'adi na gaskiya, wata biyu ko uku. Batun tsarkin wurin da sallolin da suka wuce, ni ba malama ba ce, ya tambayi limaminku, ba sai an ambaci sunan kowa ba. Ban san malam ba, amma mutumin da aka shigo masa da kare gida, ya shiga ɗaki ya fito da sharaɗi maimakon ya nuna ƙofa, shi ma akwai abin da ba ya so ya rasa. Ina kuma zargin wanda ya lura kayan gida na yawo ya san fiye da yadda kike tsammani.

Saura babbar maganar. Ni ma 'yar fari ce, ni ma ba a kira sunana ba, kuma ba zan zagi tarbiyyar iyayenmu ba. Sai dai a can gida kunyar uwa tana da masu fassara ta. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai maƙwabciya da za ta ja yarinya gefe ta ce mata uwarta ba ta iya cin abinci in ba ta dawo ba. A saman benen nan naku ba kowa, sai ga shi aikin ya faɗa kan kwikwiyo. Ya yi ƙoƙari, amma saƙon da ya fi muhimmanci ya fi ƙarfinsa. Addu'ar nan da kika ce ba ta kirki ba ce ki sauke ta, domin ko ba jima ko ba daɗe zai koya, kuma zaman da aka jingina a kan fitsarin kare ba zai daɗe ba.

'Yarki ta ce za ta zauna kafin ya koya ne domin ba wanda ya ba ta wani dalilin zama. Ki ba ta. Idan sunan ya yi miki nauyi a baki, ba dole sai da shi ba. Ki dube ta ita, ki ce mata da Hausarki, wadda take ji sarai, cewa kina so ta zauna, ko karen ya koya ko bai koya ba. Ba zan yi miki alkawarin za ta fasa tafiya ba. Shekarunta sun kai ta so ɗakin kanta, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma tafiyar wadda ta ji uwarta ta roƙe ta ta zauna daban take da wadda ta yi a baya, kuma maganar nan ba wanda zai iya faɗa mata ita a madadinki. Kada ki bari ƙarshen wata ya riga ki.

Allah ya sassauta miki harshe, ya sanyaya zuciyar malam, ya yi wa yarinyar albarka a duk inda ta zauna.

Taki,
Hajiya Adisa